Dogayen benayen tsibirin Legas: ci gaba ne ko lodi ake yi wa gari?

Nura Gyallesu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke cina a rai ina so masana a cikinmu su warware mana. Duk hoton Ikoyi ko Victoria Island da mutum zai gani yanzu gine gine ne ke tashi ta ko'ina, a rushe tsohon gida mai fili da itatuwa a kafa bene hawa 15 ko 20 a riƙa sayar da shi fulat fulat da dala. To ni tambayata, titin da ke gaban gidan ai bai ƙaru ba, kwatar ba ta ƙaru ba, gadojin da ake shiga tsibirin su ne dai na da. Filin da iyali ɗaya ke zaune yanzu iyali 60 ne a kai ko fiye. Ruwan da za su sha daga ina, wanda suka ɓata kuma ina zai tafi? Ko ni ne ban gane ba?

Auwal PZ:
Wa alaikumussalam. Malam Nura ai tsibiri ne, ruwa ya zagaye shi, ba ka da inda za ka faɗaɗa sai sama. Mu nan Zariya in gari ya cika sai a yanka gonaki ta Dakace ko hanyar Shika a ci gaba da gini, su kuma fa? Ni wlh burge ni suke yi, masu kuɗi suna zuba kuɗinsu a gida maimakon su kai Dubai, leburori na samu, birkiloli na samu, masu rodi da siminti na samu. Mu da ko bene hawa 10 sai ka je ginin Senate na ABU kafin ka ga mai kama da shi, me za mu ce musu?

Malam Haruna Obalende:
Auwal ɗana ka zo ka zauna da mu wata ɗaya a lokacin damina sannan ka sake wannan maganar. Ni direba ne a nan, tuƙi nake yi wa wani maigida da ke zaune a irin benayen nan, kuma zan faɗa maka abin da ido ya gani. Daga waje gilashi ne yana ƙyalli amma ka zagaya bayan ginin ka ga inda rayuwarsa take. Janareta manya guda biyu kamar kwantena, ɗaya na hutawa ɗaya na aiki, tankar dizal na shigowa, ga ɗakin tace ruwa don ruwan bohol ɗin nan in ya fito jaja jaja yake yana ƙarni, in ka wanke farar riga da shi ta tashi daga aiki, wani wurin ma gishiri gishiri za ka ji a baki. Masu gidan ba sa sha, na gora suke saye. Sannan ga motar kwasar bahaya tana zuwa da dare ta zuƙe ta tafi, kuma kowa a garin nan ya san ƙarshenta cikin ruwan da ya zagaye tsibirin ne, ruwan da masunta ke kama kifi a ciki.

Wato kowane bene gari ne mai zaman kansa, wutarsa daban ruwansa daban, amma da ka fito get kowa titi ɗaya zai hau.

Auwal PZ:
To Baba ai ka ba ni gaskiya ke nan, tunda su suke samar wa kansu wuta da ruwa ba su ɗora wa gwamnati nauyi ba

Injiniya Sa'idu Samaru:
A'a Auwal, nan ne kuskuren da mutane da yawa ke yi. Bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Bohol ba daga sama yake kawo ruwa ba, daga ƙarƙashin ƙasa yake zuƙa kuma ruwan ƙarƙashin nan na kowa ne. A wurin da ke bakin teku ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri don ya fi shi rashin nauyi. In aka zuƙi na daɗin fiye da yadda ruwan sama ke mayar da shi, na gishirin sai ya taso ya maye gurbin, kuma in ya shigo ba ya komawa da sauƙi. Mai bene hawa 20 yana da kuɗin da zai ƙara zurfi ya sa na'urar tacewa, amma mai ƙaramin gida a gefensa da rijiyarsa shi ne zai wayi gari ruwansa ya lalace bai san dalili ba. Kun ga an ɗora nauyi, sai dai ba a kan gwamnati ba, a kan maƙwabci.

Na biyu ƙasar kanta. Ikoyi da Victoria Island da Lekki yashi ne da laka da fadama, wani wurin ma cike shi aka yi da yashin teku. Ba irin ƙasarmu ba ce ta nan da za ka haƙa kaɗan ka tarar da marmara ko dutse. Shi ya sa dogon gini a can sai an kafa masa turakun kankare masu zurfi sosai kafin a fara tashi, kuma wannan aikin ne mai cin kuɗi wanda mai saye ba ya gani, to a nan ake yin ha'inci. In kuma aka haɗa nauyin gine gine da yawan zuƙar ruwan ƙasa sai ƙasar ta riƙa nutsewa a hankali. Jakarta ta Indunusiya abin da ya same ta ke nan har suka yanke shawarar ɗauke babban birninsu zuwa wani tsibirin.

Na uku ruwan sama. Tsohon gidan da ake rushewa yana da fili da ciyawa, ruwa na sauka ƙasa ta shanye. Yanzu an malale ko'ina da kankare tun daga katanga zuwa katanga, duk ɗigon da ya sauka kwata zai nufa, kwatar kuma an gina ta ne tun lokacin da unguwar ba ta kai haka ba, ga shara ta toshe ta, ga shi tsibirin kusan daidai yake da teku saboda haka in teku ta cika ruwan kwata ba ya samun hanyar fita, tsayawa yake ko ma ya dawo baya. Ambaliyar Yulin 2017 da ta shanye Victoria Island da Lekki har mutane suka riƙa tuƙa kwalekwale a kan titi, wannan ne asalinta.

Hajiya Binta Kongo:
Injiniya Allah ya saka. Ni nawa na hanya ne don ina zuwa sarin leshi da atamfa kasuwar Balogun. Jama'a daga cikin gari zuwa tsibirin nan gada uku ce kacal, Carter da Eko da Third Mainland, ita ta ukun ma da ta fi tsawo, kilomita 11.8, tun 1990 aka buɗe ta zamanin Babangida. Ku lissafa mutanen da suka ƙaru daga lokacin zuwa yau. Da gobara ta kama ƙarƙashin gadar Eko ta wajen Apongbon a Maris ɗin 2022 aka rufe wannan ɓangaren sama da shekara, wlh mun ga tasku, ka gama sayayya da azahar amma kaya ba za su isa tashar da za a yi lodin Arewa ba sai bayan isha, mai ɗauko kaya ya ƙara kuɗi, mai mota ya ƙara, ƙarshe mai sayen atamfa a Sabon Gari ita za ta biya ba ta san an yi ba.

Malam Haruna Obalende:
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Duk fulat ɗaya a benen nan akwai mutane a bayansa da ba a lissafa su, direba, mai gadi, mai dafa abinci, mai shara, mai wanki. Ba ɗayanmu da zai iya kama ko ɗaki a unguwar. Ni na ci sa'a ina Obalende kusa ne, amma abokan aikina daga Agege suke zuwa, wani daga Ikorodu, ƙarfe 4 na asuba sun fito, sallar asuba a hanya ake yi ko a harabar gidan aiki. Duk bene ɗaya da aka ƙara an ƙara ɗaruruwan mutane a kan gadar nan safe da yamma, ban da motocin masu gidan, kowane gida biyu ko uku. Ga shi tun Yunin 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomin Eti-Osa da Lagos Island, yaranmu na Arewa da yawa suka rasa abin yi, mu kuma masu tafiya a ƙasa muka rasa abin da ke fitar da mu daga gosulo.

Auwal PZ:
Amma ai an yi jirgin ƙasa yanzu daga Marina

Malam Haruna Obalende:
An yi, daga Marina zuwa Mile 2, a 2023 ya fara ɗaukar fasinja kuma yana taimako ba zan ɓoye ba. Amma bai shiga Ikoyi ba bai shiga Lekki ba, inda ake ta gine ginen ke nan.

Shafi'u Birkila:
Salam. Ni ba mai yawan magana ba ne a nan amma wannan ta shafe ni don na yi aikin gini a can kafin in dawo gida. Yaya Auwal ka ce leburori na samu, gaskiya ne ana samu, amma ka tambayi yadda ake samun. A cikin ginin muke kwana, hawa na biyu ko na uku inda aka riga aka zuba rufin kankare, a shimfiɗa kwali a kan buhunan siminti, sauro kamar ya ɗauke mutum. In an ce yau zubi ne tun safe ake haɗa kankare har dare ba tsayawa, kuma da idonka za ka ga an rage siminti an ƙara yashi, ko rodin da ya kamata a sa mai kauri a kawo siriri, in ka yi magana a ce kai injiniya ne? Gobe a sallame ka a ɗauki wani don a bakin get akwai mutum 20 suna jira. Ranar da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi, 1 ga Nuwamba 2021, sama da mutum 40 suka rasu har da mai ginin kansa, mafi yawansu irinmu ne masu neman na abinci, wasu ma ba wanda ya rubuta sunansu a littafi da safe balle a san su waye a ƙarƙashi. Tun ranar mahaifiyata ta ce in dawo ko garin kwaki za mu sha.

Hajiya Binta Kongo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu. Shafi'u Allah ya yi wa mahaifiyarka albarka.

Injiniya Sa'idu Samaru:
Amin. Kuma a kan wannan ginin hukumomin jihar da kansu suka ce izinin hawa 15 aka bayar aka je aka yi 21. Ku duba fa, hawa 6 ba abu ne da ake ɓoyewa a aljihu ba, kowa na wucewa yana gani. Bayan shi a Afrilun 2023 wani mai hawa 7 ya sake zubewa a Banana Island, unguwar da ta fi ko'ina tsada a ƙasar nan. To in ginin da ke tsaye a sama kowa na kallo an kasa sa masa ido, wa zai duba bututun da ke binne?

Malama Zainab Hanwa:
Assalamu alaikum, na biyo muhawarar tun daga sama. Ina so in ce abin nan ba na Legas kaɗai ba ne don kada a ɗauka halin ɗan Najeriya ne kawai. Na yi karatu a Penang ta Maleshiya, ita ma tsibiri ce, kuma can ma dogayen gidajen kwana ne suka cika bakin teku har suna hawa kan tsaunuka. Suna da gada biyu zuwa babban yankin ƙasar, ta farko 1985 ta biyu 2014, suna da wuta ba ɗaukewa, amma duk da haka mutanen garin kullum kukansu cunkoso da ruwa. Sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan jihar daga kogi ɗaya yake zuwa, kogin Muda, wanda suke rabawa da jihar Kedah, in aka samu matsala a wannan layin guda gari duka ya shiga uku. A Oktoban 2017 ƙasa ta zabtaro a wurin ginin wani dogon bene a Tanjung Bungah ta kashe ma'aikata 11, akasarinsu baƙi 'yan ci rani, wato irin su Shafi'u na can. Wata na gaba kuma ambaliya ta shanye George Town babban birnin Penang.

Sai Male babban birnin Maldibs, tsibiri ne da bai fi murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, an cika shi da benaye bakin ruwa zuwa bakin ruwa, ruwan shansu na teku ne ake tacewa. A Disamban 2014 gobara ta kama matatar ruwan, mutum sama da 100,000 suka wayi gari famfo a bushe, sai da Indiya ta riƙa kawo musu ruwa a jiragen sama da na ruwa. Mu nan in famfo ya ɗauke sai a kira ɗan garuwa ko a je rijiyar maƙwabta, su ina za su je?

Auwal PZ:
To Malama Singafo fa? Ita ma ai tsibiri ce kuma duk benaye ne, me ya sa ba ta nutse ba? Ni abin da nake cewa kada mu tsani ci gaba saboda tsoro

Malama Zainab Hanwa:
Yawwa Auwal tambayarka mai kyau ce kuma ita ce ta raba gardamar. Singafo ba tsawon bene ne ya bambanta ta ba, abin da aka fara yi ne. Tun 1960 gwamnati ta kafa hukumar gidaje, kuma yau kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a benayen hukumar suke zaune, wato direba da mai shara su ma suna da fulat a cikin gari ba sai sun yi tafiyar awa uku ba. Kafin a tayar da unguwa an riga an shimfiɗa mata bututun ruwa da na ƙazanta da tashar jirgi da makaranta. Ruwan da suka yi amfani da shi suna tace shi ya dawo a sake amfani da shi. Mota kuwa tun 1990 ba ka isa ka saya haka kawai ba sai ka sayi takardar izinin mallaka, wadda wani lokaci ta fi motar tsada. Za mu yarda da wannan a nan? Su sun fara da ƙasa sannan suka hau sama, mu kuma saman muke sayarwa mu bar ƙasan ga Allah.

Nura Gyallesu:
To Eko Atlantic fa, na ji an ce su sun yi nasu tsarin tun daga tushe

Injiniya Sa'idu Samaru:
Sun yi, a ba su haƙƙinsu. Teku suka cike da yashi a inda Bar Beach take da, suka yi doguwar katangar duwatsu don tare igiyar ruwa, suka shimfiɗa tituna da magudanai kafin gini, har Amurka na gina ƙaramin ofishin jakadancinta a ciki. Kuma tun da aka yi katangar teku ta daina cin titin Ahmadu Bello kamar da. Amma abu biyu. Duk wanda zai shiga ko ya fita ta cikin Victoria Island zai bi, titunan nan dai da suka riga suka cika. Sannan mazauna ƙauyukan bakin teku ta gabas irin su Okun Alfa sun daɗe suna kukan cewa teku ta ƙara cin ƙasarsu tun da aka fara aikin. Ruwa in ka tare shi a nan zai nemi wani wurin.

Malam Haruna Obalende:
Kuma kada a manta da Maroko, unguwar talakawa da ke nan kusa da Victoria Island a da. Yulin 1990 lokacin gwamnan soja Raji Rasaki aka rushe ta, an ƙiyasta mutum kusan 300,000 aka tasa, dalilin da aka bayar wai wurin ruwa na cinsa bai dace da zaman mutane ba. Je ka ga wurin yau, manyan gidaje ne da benaye. Wurin da aka ce bai dace da talaka ba ya dace da mai kuɗi bayan an zuba yashi. Wannan abin har yau yana min ciwo don akwai dattawanmu a nan da a can suka rasa komai.

Baba Tanimu Ƙofar Doka:
Yara na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ke karanta min wasu. Kuna ta maganar Ikko da ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, to ku waiwayo gida. Da a cikin birnin nan kowace unguwa da kududdufinta, inda aka haƙi ƙasar gini, kuma nan ruwan damina ke taruwa. Yanzu an bi su ɗaya bayan ɗaya an cike da shara an sayar an yi gini a kai. Ruwan da ke zuwa can ina kuke so ya je? Cikin ɗakunan mutane yake shiga, ginin ƙasa ya jiƙa ya zauna. Mu ba teku ta zagaye mu ba amma halin ɗaya ne.

Malama Zainab Hanwa:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Ku je Samaru da Palladan ku ga gidajen hayar ɗalibai, fili ɗaya da aka yanka don gida ɗaya an yi masa ɗaki 30 hawa biyu, bohol a wannan kusurwa sokawe a waccan, taransifoma ɗaya ta unguwa kullum tana bugawa.

Auwal PZ:
Na ji duka kuma na ƙaru, amma ni har yanzu ina kan cewa gara a yi ginin. Mutane na ƙaruwa dole su kwana wani wuri, in ba a hau sama ba gonaki za a cinye. Sai dai a tilasta wa mai gini ya biya kuɗin faɗaɗa kwata da titi kafin a ba shi izini

Injiniya Sa'idu Samaru:
A kan wannan ba mu da saɓani Auwal, ni ma ba na ƙin bene. Sai dai ka sani benayen Ikoyi ba don masu neman wurin kwana ake yin su ba, da yawa ajiyar kuɗi ce, Malam Haruna zai faɗa maka tagogi nawa ke da haske da dare.

Malam Haruna Obalende:
A namu ginin wlh ba su kai rabi ba, masu su suna Landan ko Abuja, sai Disamba ake ganinsu. Amma janareta ba ya mutuwa ko mutum biyar ne a ciki, saboda lif da famfon tura ruwa sama.

Nura Gyallesu:
Injiniya tunda Malama ta kawo maganar, ni ma ina shirin haƙa bohol a filina na Gyallesu kuma maƙwabcina sokawensa na jikin katangata. Tazara nawa ya kamata a bari?

Injiniya Sa'idu Samaru:
Mita 30 ake so in da hali, kuma bohol ɗin ya kasance ta sama da gangaren ba ta ƙasa ba. Filayenmu na ƙafa 50 da 100 ba kasafai suke ba da wannan ba, saboda haka ka matsar da shi can ɗaya ƙarshen iyakar iyawarka, a sa bututu mai kyau a toshe saman ramin da siminti sosai, in an gama kuma ka kai ruwan a gwada kafin yara su fara sha. Turo min zanen filin ta akwati in duba maka da daddare in Allah ya kai mu.